Mun Cika Takwas

Tsibirin Nagishima,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga ɗana Naoharu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci na gaske ba taliyar leda ba. Sanyi ya ja da baya a nan, itatuwan bayan makaranta sun yi fure har sun fara zubarwa. Ni lafiyata lau, in ka cire gwiwar hagu da kunnuwan nan da suka ƙi aiki. Kada ka ce don me ban kira ka a waya ba. A waya ba abin da nake ji sai zumm, in yi ta "na'am, na'am" kamar wawiya. Takarda ba ta ba ni kunya.

Ga labari, ka zauna kafin ka karanta: mun cika takwas!

Shekara ashirin da shida ke nan ina koya wa yaran tsibirin nan ƙwallo, ban taɓa kai su gasar lardi ba. Lokacin da ake neman sha ɗaya, muna da tara. Da aka rage wa 'yan firamare aka ce takwas-takwas za su riƙa yi, sai muka koma shida, kamar da gangan. Bara muka kai bakwai. To, makon jiya aka turo sabuwar nas asibitinmu, ta zo da 'yarta Shiori mai shekara takwas. Ba ta taɓa shurin ƙwallo ba. Ranar farko aka buga mata, ta sa hannu biyu ta cafe kamar an miƙo mata kankana. Na ce, "Madalla, mun samu gola."

Ka dai ji abin da aka yanke. Watan Maris mai zuwa za a rufe makarantarmu, yaran da suka rage su riƙa hawan jirgin ruwa zuwa babban tsibiri. Ke nan bana ce kaɗai. In sunan Nagishima bai hau allon gasa a watan Nuwamba ba, ba zai ƙara samun damar hawa ba har abada.

Yadda na koya maka, haka nake koya musu har yau. Uku-uku a bayan rumfar shanya kifi, goruna biyu irin na hana taru nutsewa su ne raga, kuma ci ba ya zama ci sai duk 'yan ɓangaren sun taɓa ƙwallon. A ƙaramin fili ba inda raggo zai ɓuya, ba kuma inda mai son kai zai gudu shi kaɗai. Yanzu har huɗu-huɗu muke yi, ba wanda ke zama a kan dutse yana jiran layi.

Ga aikin da zan sa ka. Dole a kai takardun rajista ofishin ƙwallo na Nagasaki kafin ƙarshen wata, kuma gwiwar nan ba za ta iya awa uku a jirgi da matakalar ofishin ba. Na cika komai. Amma ka san halinsu, harafi ɗaya in ya karkace sai an gyara an buga hatimi a kan gyaran, in ba haka ba su maido takarda, wata ya ƙare ana kai da kawowa. Shi ya sa na haɗo da hatimina. Ka san shi, wanda babanka ya sa aka sassaƙa mini ranar da na samu aikin koyarwa. Bai taɓa kwana a hannun wani ba. Amma kai ba wani ba ne, sunan gidanmu, Michiwaki, da ke jikinsa naka ne kamar yadda yake nawa.

In an yi hutun Mayu ka zo ka ga Genta, ɗan Hisako mai gyaran kifi. Ajin ƙarshe yake. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Wani lokaci ina kallonsa sai in ji tsibirin nan ya yi masa kaɗan.

Akwai busasshen kifi a kwalin. Ka ci da kanka, kada ka raba wa abokai.

Goggonka,
Tokiko.

*

Nagasaki,
21 ga Afrilu.

Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya ƙalau, kuma ina cin abinci, kada ki damu. Ki riƙa sa wa gwiwar nan ruwan ɗumi, ki kuma daina ɗaukar buhun ƙwallaye da kanki. Ina amfanin yara takwas?

An yi rajista. Kin san gyara nawa suka samu? Huɗu. Har da ranar haihuwar Shiori, wadda kika mayar 'yar shekara tamanin. Da ba ki aiko da hatimin ba da yanzu takardun suna kan teku. Zan riƙe shi a wurina tukuna, domin akwai takardar inshora da ta shiga gasar kanta nan gaba. Yana cikin aljihun teburina, a kulle.

Na yi murna da labarin nan ƙwarai. Na karanta a cikin jirgin ƙasa, na yi dariya har mutane suka juyo.

Aiki kuwa sai a hankali. Yara sittin da huɗu ne a kulob ɗinmu, ni ne ƙaramin mataimaki, wato mai jera robobin alama a fili da wanke riguna. Yaro zai tsaya a dogon layi, ya shuri ƙwallo sau ɗaya, ya koma ƙarshen layi. Na ƙirga wa wani, a awa guda sau tara ya taɓa ta. Ranar da babban koci, Malam Egashira, ya yi tafiya, sai na raba su uku-uku, na yanka filin gida goma, na sa musu dokarki. Goggo, da kin ga ihu! Wani yaro da bai taɓa magana ba har tsawa yake yi a ba shi. Amma wata uwa ta ce ita ba wasan unguwa ta kawo ɗanta ya yi ba, ta kai ƙarata.

Malam Egashira ya kira ni. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce goggona. Ya ce, "A wane kulob ta buga?" Na ce ba ta taɓa bugawa ba, malamar firamare ce a tsibiri. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "In da gaske wasan yaran nan yana fitar da ɗan wasa, ka nuna mini guda ɗaya. In ba haka ba ka koma jera robobinka." A kaka ne za a duba ko za a ci gaba da ni a aikin.

Ina nan tafe a jirgin uku ga Mayu. Ki dafa mini miyar kifin nan.

Ɗanki,
Naoharu.

*

Nagishima,
12 ga Mayu.

Ɗana Nao,

Ina gaishe ka. Da fatan ka isa lafiya, teku ba ta juya maka ciki ba kamar da. Gwiwa ta yi sauƙi, ina jin murnar ganinka ce. Gidan ya koma shiru, har na sake dafa shinkafar mutum biyu da mantuwa.

Yaran ba su da zance sai naka. Ni kuwa abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da ka yanke mutum uku ka zura ƙwallo tsakanin goruna, ka ɗaga hannu sama kamar wani gwarzo, sai Shiori ta riƙe ƙugu ta ce, "Ba ci ba ne! Ni ban taɓa ba!" Daigo, kyaftin ɗinmu, har ƙasa ya faɗi don dariya, yana cewa, "Yaya Nao, a birnin ba a koya muku doka ne?" Kai ma ka yi dariya, amma na ga kunnuwanka sun yi ja. Haka suke yi tun kana ɗan shekara bakwai, shekarar da teku ta cinye babanka ka dawo hannuna. Kullum sai ka ci kai kaɗai, in soke, ka yi kuka, ka ce ba ka ƙara yi, gobe kuma ka riga kowa zuwa.

Ka ga Genta dai da idonka. Ban yi ƙarya ba ko? Na lura ba ka sauke na'urar ɗaukar hoton nan daga kansa ba. Na kuma lura ka daɗe a gidan Hisako ranar da za ka tafi. Ina tuna maka tana da miji, yana can Nagasakinku yana walda a wurin ƙera jirage, kuma damtsensa ya yi biyun naka. In aure kake so ka faɗa mini, nas ɗin nan tana da ƙanwa.

Tsibiri ya ɗauki zancen gasa da zafi. Matan rumfar kifi suna ɗinka sunan Nagishima a bayan riguna takwas. Tsoho Denjiro ya fito da tutar jirginsa, wadda yake ɗagawa ranar babban kamu, ya ce ita za a kafa a bakin fili, kuma shi zai riƙe sandar ko da a kan keken guragu ne. Shekararsa tamanin da ɗaya, bai san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba sai bana.

Shi kuma Egashira ɗinka, ka ce masa ya zo a watan Nuwamba ya ga abin da malamar firamare ta iya.

Ka manta ba ka zo da hatimin ba, ni ma farin ciki ya sa ban tambaya ba. Da zarar ka gama da takardun ka aiko shi.

Goggonka,
Tokiko.

*

Nagishima,
2 ga Satumba.

Naoharu,

Ina fatan kana lafiya. Ina cewa fata ne don ban sani ba. Na rubuta a Yuni, na rubuta a Yuli, ko layi ɗaya ban samu ba. Bikin tunawa da magabata ya zo ya wuce, ni kaɗai na wanke kabarin babanka na kunna masa fitila. Na yi ta ba ka uzuri, na ce aiki ne.

Da aka yi hutun bazara Genta ya tafi wurin ubansa a birni. Ban kawo komai a raina ba, kowace shekara yana zuwa. Jiya aka koma makaranta. Da yamma na jera goruna, na ƙirga kawuna, bakwai. Na ce wa Daigo, "Ina abokinka?" Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da takalmi.

Na ja ƙafata har rumfar kifi. Hisako tana ganina ta cire safar hannu, ta cire ƙyallen kanta, ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa tebur, a gaban mata goma sha biyu. Ta ce, "Malama, ban san da bakin da zan gode miki ba. Na so in zo gida tuntuni, amma Nao ya ce kin ce kada a yi zancen sai abu ya tabbata."

Na ce, "Wane abu?"

Ta ce, "Sakin Genta mana. Na san abin da gasar nan take a wurinki, amma kika fifita yaro a kan kanki. Ba kowa zai iya ba."

Ta buɗe jakarta ta fito da takarda a cikin leda. Takardar sallamar ɗan wasa ce, daga Nagishima zuwa kulob ɗinku, shida ga Yuni. A ƙasa, wurin shugaban ƙungiya, ga jan hatimi. Na cire tabarau na goge na mayar. Na so ya zama irin na kanti ne, wanda kowane Michiwaki zai iya saye. Amma ga ɗan ɓallin nan a gefen hagu, inda ka yar da shi a kan dutsen ƙofa kana aji biyu. Nawa ne.

Ka san me na yi? Na ce mata, "Ki gaishe shi." Na juya na fita. Ban san yadda na iso gida ba.

Kafin rana ta faɗi duk tsibiri ya ji. Yau da safe Denjiro ya gan ni a bakin tashar jirgin ruwa, ya juya ya kama kallon teku. Da yamma Daigo ya tsaya a gabana, ƙwallo a hammata, ya ce, "Malama, da gaske ke kika ba da shi?" Sauran shida suna bayansa. Sai na ce su ɗauko goruna.

Ba wani yaro a tsibirin nan, ka sani. Mai bi wa Shiori shekararsa huɗu. Dokar gasa kuma ta ce ba a busa usur sai da takwas a fili.

Nao, ka ce mini sace shi aka yi daga teburinka. Ka ce Egashira ne ya fasa aljihun. Ka faɗa mini kowace irin magana, zan yi ƙoƙari in yarda.

Goggonka.

*

Nagasaki,
8 ga Satumba.

Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara kan shirun da na yi. Lafiyata ƙalau. Na fara rubuto miki ya fi sau goma ina yagawa.

Ba a sace shi ba. Ni na buga.

Ki bari in faɗi nawa. Da na nuna wa Malam Egashira hoton wasan Genta, sau uku ya sa aka maimaita. Ya ce, "Wannan daga uku-ukun ne?" Na ce e. Karon farko ke nan da ya kira ni da sunana. Ya ce in kawo yaron kafin a rufe sauyin ƙungiya ranar goma ga Yuni, in ya wuce sai baɗi, kuma baɗi Genta ya gama firamare ba wanda ya taɓa ganinsa. Hisako kuwa da hawaye ta roƙe ni a watan Mayu. Mijinta yana nan shi kaɗai, makaranta za a rufe, me yaron zai tsaya yi? Kwana huɗu suka rage, takarda tana gabana, hatimi yana aljihun tebur.

Na san da na tambaye ki za ki ce a bari sai bayan Nuwamba. Amma ke da kanki kika rubuta cewa tsibirin ya yi masa kaɗan. Wasiƙar tana nan a wurina. Na ce a raina abin da zuciyarki take so ne bakinki ba zai iya faɗa ba, bari in ɗauke miki nauyin. Kuma Goggo, mu faɗi gaskiya, wasa ɗaya za ku yi a cire ku. Yara takwas ba canji, gola 'yar aji uku. Wasa ɗaya ya kai a tsayar da rayuwar yaro?

Akwai abin da za ki ji daɗinsa. Yanzu kowace Laraba uku-uku muke yi a kulob, da izinin babban koci. Hanyarki ce ta shigo birni. Yara sittin ne ke amfana, ba takwas ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada maganar hatimin ta kai ofis. In suka ji an buga ba da saninki ba, za su karɓe takardar koyarwata, ba kulob ɗin da zai sake ɗaukata, wataƙila ma abin ya wuce nan. Ke kika raine ni. Kin san ba abin da na iya sai wannan.

Ɗanki mai neman afuwa,
Naoharu.

*

Nagishima,
17 ga Satumba.

Naoharu,

Na samu wasiƙarka. Ina lafiya. Guguwar teku ta wuce ta kwashe rufin rumfar kifi, ba wanda ya ji rauni.

E, na rubuta cewa tsibirin ya yi masa kaɗan. A wasiƙar da na rubuta hakan, na rubuta cewa bana ce kaɗai. Ka tsallake wannan ne, ko tawada ce ta dushe a wurin? Ba nauyi ka ɗauke mini ba. Hannuna ka kama ka sa a takarda ina can ina dafa maka miya.

Kuma wa ya ce maka cin kofi muke nema? Na san za a ci mu, wataƙila takwas da nema. So nake a kira sunan tsibirin nan a lasifika sau ɗaya, yara su jeru su rusuna, Denjiro ya ɗaga tutarsa. Da ka zo ka zauna a gabana ka ce, "Goggo, ga halin da ake ciki," da mun yi faɗa, da na yi kuka, wataƙila kuma da na buga da hannuna. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, don ba ka ba ni damar ba.

Na rubuta wa ofis na roƙi a bar mu mu buga da bakwai. Sun ƙi, cikin ladabi. Amma ma'aikacin ya lura da yadda na yi maganar, sai ya haɗo da wata takarda. Ya ce idan akwai sallamar da aka buga wa hatimi ba da yardar mai shi ba, in cika in maido kafin talatin ga wata. Za a soke sallamar, sunan yaron ya dawo jerinmu, mu cika takwas. Wanda ya buga kuma ya gurfana gaban kwamiti.

Takardar tana kan teburina. Na ɗora kofin shayi a kanta don kada iska ta ɗauke.

Ga abin da nake so. Ba ofis ba. Ka hau jirgin Asabar, ka zo bayan rumfar kifi, ka tsaya gaban yara bakwai ka ce musu, "Ba Malama ba ce, ni ne." Shi ke nan. In ka yi wannan zan yaga takardar a gabanka. Zan jira ka a tasha.

Tokiko, goggonka.

*

Nagasaki,
23 ga Satumba.

Goggo,

Ina gaisuwa. Na yi baƙin cikin jin labarin rufin rumfa. Da fatan gwiwa tana sauƙi.

Ki yi haƙuri ban samu zuwa ranar Asabar ba, muna da wasa. Kuma na yi tunani sosai. In na faɗa wa yara, kafin dare iyayensu sun ji, Hisako ta ji, mijinta ya ji, shi kuma kowace Lahadi yana tsaye kusa da Malam Egashira a bakin fili. Faɗa wa yara da faɗa wa ofis duk ɗaya ne. Genta ma fa, in ya san ba ki yarda ba, da wane ido zai buga? Ki bari abu ya lafa. Bayan an rufe makaranta zan zo in yi wa kowa bayani, na yi alkawari.

An sabunta mini aiki na shekara biyu. Genta ya shiga wasan Asabar na minti bakwai, ya ba da ƙwallon da aka ci.

Ga hatimin nan a cikin kwalin, na naɗe shi da auduga. Akwai kuma maganin shafawa na gwiwa, an ce yana da kyau.

Ɗanki,
Naoharu.

*

Nagishima,
16 ga Nuwamba.

Naoharu,

Ina fatan kana lafiya. Sanyi ya shigo, lemo ya nuna a gangaren bayan gida. Maganin gwiwa ya iso, na ba matar Denjiro.

Ka kwantar da hankalinka, ban aika takardar ba. Ranar Asabar ɗin na tsaya a tasha har aka sauke buhun wasiƙu da kwalayen madara, mai jirgi ya ce, "Malama, ba sauran kowa." Ranar talatin ga wata na cika ta tsaf, ba kuskuren harafi ko ɗaya, na sa a ambulan, na kai har bakin akwatin gidan waya. Sai na hango ka a raina kana ɗan shekara bakwai, kunnuwanka sun yi ja. Na dawo da ita gida na hura wutar wanka da ita. Kada ka gode mini. Ba don ka cancanta ba ne, kasawa na yi, kuma ina jin haushin kaina a kan haka.

A farkon Oktoba aka kira taron iyaye a zauren gari. Matan rumfa suka zo da rigunan takwas a ninke suka ajiye a kan tebur. Uban Daigo ya ce, "Malama, ba mu ce kada yaro ya ci gaba ba. Amma wata uku kina kallon matanmu suna ɗinki, kin san kin riga kin buga hatimi. Me ya hana ki faɗa?" Na durƙusa a kan tabarma da gwiwar nan, na kafa hannu biyu, na kai goshina ƙasa. Na ce laifina ne, ku gafarce ni. Shekara arba'in ina koya wa 'ya'yan mutanen nan cewa kada su yi ƙarya. Ba wanda ya ce in ɗago. Nas ce daga baya ta kama ni ta tayar.

Jiya aka fara gasar. Ban ce kowa ya zo ba, amma da hantsi na leƙa bayan rumfa na tarar da su bakwai, kowa sanye da rigarsa. Denjiro yana zaune a kan dutse, ya kafa tutar a cikin tsohuwar taya. Bai gaishe ni ba. Daigo ya raba su, huɗu da uku, ya tsaya yana kallon rigar da ta rage a kan goran taru. Sai Shiori ta ɗauko ta miƙo mini ta ce, "Malama, ai ba daidai ba ne." Ko wuyana ba ta shiga ba, sai na rataya ta a kafaɗa na shiga fili.

A ɓangaren Daigo na faɗa. Wata biyu da rabi bai ce mini komai ba sai "to". Ya yanke mutum biyu, ya isa gaban goruna, ba kowa a gabansa. Sai ya taka ƙwallon ya tsaya. Ya juyo ya gangaro mini da ita a hankali, daidai ƙafata mai lafiya, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Ki taɓa, Malama. In ba haka ba, ba ci ba ne."

Na taɓa. Ya ci. Na ce musu ƙura ce ta shigar mini ido.

Genta ya aiko mini da kati. Ya ce ya gode da na bar shi ya tafi, ya ce filin can babba ne, kuma ba a jiran kowa ya taɓa. Na amsa masa na ce ya dage. Ka kula da shi. Ba laifinsa a ciki, kuma kai kaɗai ne a garin can ka san inda ya koyo abin da ya iya.

Bayanin da ka ce za ka zo ka yi a watan Maris, ka bar shi. Lokacin da yake da amfani ya wuce. Gidan nan kuwa gidan ubanka ne, ba zan rufe maka ƙofa ba, in ka zo za ka samu shinkafa.

Hatimin na ajiye shi gaban hoton babanka, na ce masa ga kayansa nan, shi ya san yadda zai yi da ku. Na sa an sassaƙa mini sabo a babban tsibiri. Mai sassaƙar ya tambaye ni, "Michiwaki za a sa, ko?" Na ce a'a, sunan yankana kawai, wanda ba na tarayya da kowa a cikinsa. Ga shi nan na buga a ƙasa don ka san kamanninsa. Iyakar ganin da za ka yi masa ke nan.

Tokiko.